Darasi a Kan Lasisin Manhaja: Hukuncin Kyautar da Ta Zo da Sharaɗi

  

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga tambayar da wani saurayi ya kawo mana bayan sallar Isha'i. Yaro ne natsattse, ya yi karatun kwamfuta a jami'a, kuma yana neman abincinsa da rubuta manhaja. Ɗan kasuwa ya zo yana son abin da zai riƙa lissafa masa kayan shago da basussuka, ya rubuta masa. Makaranta ta zo tana son abin da zai riƙe sunayen ɗalibai da sakamakon jarrabawa, ya rubuta mata. Ya ce: "Malam, rabin abin da nake haɗawa ba ni na rubuta shi ba. A intanet nake ɗaukowa, masu shi sun sake shi kyauta. Sai dai kowanne yana zuwa da wata takarda mai sharuɗɗa. Ban taɓa karantawa ba, wani lokaci ma share ta nake yi don kada mai saye ya ga sunan wani. Tun da kyauta ce, akwai laifi?" Muka ce ya ba mu kwanaki. Muka koma ga littattafan fiƙihu, muka kuma zauna da waɗanda suka san sana'ar suka fassara mana takardun. Abin da muka fahimta shi ne muka kawo muku nan.

Kada dattawa su ce wannan darasin yara ne. Wayar salula da ke aljihunku da manhaja take aiki, kuma ƴaƴanku da ke jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, da yawansu a wannan sana'a za su ci abinci su ciyar da ku. Wanda ake ciyarwa yana da haƙƙin ya san daga ina abincin ya fito.

Manhaja umurni ne da ɗan Adam ke rubuta wa na'ura, jere bayan jere, don ta san abin da za ta yi. Tana da fuska biyu. Akwai asalin rubutun, wanda masani zai iya karantawa ya gane ya gyara. Akwai kuma wanda aka juya zuwa harshen na'ura, yana aiki amma ba mai iya gyara shi cikin sauƙi. Misalinsu kamar mai magani ne: ko ya ba ka garin da ya daka, ka sha ka warke ba ka san haɗin ba, ko ya ba ka garin tare da sunayen itatuwan da awonsu. Shi kuwa lasisi, takardar izini ce daga mai manhajar, inda yake cewa: na yarda ka yi kaza da abin nan nawa, ban yarda ka yi kaza ba. Idan babu wannan izini, a dokar kusan dukkan ƙasashen duniya ba ka da ikon kwafa ko rarrabawa. To, lasisin da saurayinmu ke sharewa, shi ne kaɗai hujjarsa ta riƙe abin.

Tambaya ta farko da malami zai yi ita ce: shin wannan ƙulla yarjejeniya ce a idon Shari'a, alhali ba a zauna ba, ba a yi musafaha ba, ba shaidu? Amsa ita ce e. A mazhabarmu ta Imamu Malik ciniki yana ƙulluwa da duk abin da ya nuna yarda, magana ce ko rubutu ko aiki, kuma a kan haka Shaihu Halil ya buɗe babin ciniki a Muhtasar. Ka ajiye kuɗi a teburin mai biredi ka ɗauki biredi ba wanda ya ce uffan, ciniki ya faɗa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, ƙungiyar nan da ta kafa Jami'ar Musulunci ta Say, ta zauna a Jidda a 1990 ta tabbatar da ingancin yarjejeniyar da aka ƙulla ta na'urorin sadarwa na zamani, har da allon kwamfuta. Saboda haka wanda aka nuna masa sharuɗɗa a allo ya danna wurin da ke cewa ya yarda, ya yarda. Wanda ya tarar da manhaja da takardar sharuɗɗanta manne da ita, ya ɗauka ya sa a cikin aikinsa ya sayar, aikinsa ya yi magana a madadin bakinsa. Kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida umurni ce ga muminai da cika ƙulle-ƙullen da suka ƙulla, ba ta ware na takarda daga na allo ba.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi, kuma malamai sun yi saɓani a kanta: shin abin da ba a taɓa shi da hannu yana zama dukiya? Wanda ya sace akuya ya bar mai ita ba akuya. Wanda ya kwafi manhaja kuwa, mai ita yana nan da tasa. Magabatan Hanafiyya ba su ƙidaya amfani tsantsa cikin dukiya ba, kuma a kan haka wasu malaman zamani suka ce ilimi ba ya mallakuwa, hana shi ma ɓoye ilimi ne. Amma Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya sun ɗauki amfani a matsayin dukiya mai ƙima. Majalisar Fiƙihun da muka ambata ta zauna a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da haƙƙin ƙirƙira haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙimar dukiya a al'adar wannan zamani, Shari'a tana kare su, kuma bai halatta a keta su ba. Wannan ra'ayi muka rinjayar. Mutumin da ya kwashe shekara uku yana rubutu dare da rana, guminsa bai gaza na mai noman gero ba don kawai amfanin gonarsa ba ya shiga buhu. Ta fuskar hukuma ma, Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Bangi ta 1977 da ta kafa hukumar OAPI mai mazauni a Yawunde, kuma ƙasa ta yi dokarta ta haƙƙin mawallafi a 2010.

Akwai wata shubuha da muke yawan ji a bakin matasa, wai masu manhajojin nan ba Musulmi ba ne, kuma attajirai ne, ba za su ji a jikinsu ba. Wannan magana ba ta da wurin zama. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Ƙuraishawa sun tare Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa, Allah Ya ƙara musu yarda, a hanyarsu ta zuwa Madina, ba su sake su ba sai da suka ɗauki alƙawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Da Badar ta zo, Musulmi ba su wuce 300 da ƴan kai ba, kowane takobi ana bukatarsa. Duk da haka Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce su da su koma, a cika wa mushirikai alƙawarinsu, a nemi taimakon Allah a kansu. In an cika alƙawarin da aka yi wa abokin gaba a ranar Badar, da wace hujja za a karya wanda aka yi wa mutumin da bai yi mana komai ba sai kyauta?

Yanzu mu zo ga asalin tambayar, wato manhajar da aka saki kyauta. A nan ne kuskure ya fi yawa, domin mutane sun ɗauka abin da ba a biya kuɗinsa ba ba shi da mai shi. A 1983 wani masanin kwamfuta a Amurka, Richard Stallman, ya fara wani aiki da ya kira GNU, da nufin a samu manhajar da kowa zai iya karanta asalin rubutunta, ya gyara, ya ba maƙwabcinsa. Sai ya hango wata matsala: idan ya sake ta haka nan ba sharaɗi, wani kamfani zai ɗauka, ya ƙara ɗan abu kaɗan, ya kulle asalin rubutun, ya mai da ita tasa. Don haka a 1989 ya fitar da lasisin da ake kira GPL, aka sake fasalinsa a 1991, aka kuma sake a 2007. Ma'anarsa a taƙaice: ka ɗauka, ka yi aiki da ita, ka gyara, ka rarraba, ka sayar ma in ka so, amma duk wanda ka miƙa wa, dole ka ba shi asalin rubutun har da gyaran da ka yi, kuma ka ba shi a kan sharuɗɗan da aka ba ka, ba ragi ba ƙari. In a cikin gidanka ko ofishinka kaɗai kake amfani da ita, ba a neman komai daga gare ka. Sharaɗin yana hawa kanka ne ranar da ka miƙa wa wani.

Da aka karanta mana wannan, sai muka ce ai mun san shi, sunansa hubusi, wanda wasu ke kira waƙafi. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya samu gona a Haibara, ya nemi shawarar Annabi, aka ce ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin. Ya yi haka, ya kuma gindaya sharuɗɗa: ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a gadonta, mai kula da ita zai ci daidai gwargwado. Malaman fiƙihu sun ba sharaɗin mai hubusi ƙarfi ƙwarai, muddin bai saɓa wa Shari'a ba, har suka kusanta shi da nassi wajen wajabcin aiki da shi. Wani abin lura kuma, a mazhabar Malikiyya mallakar asalin abin tana nan ga mai hubusin, amfanin ne kawai ya fita daga hannunsa. Haka marubucin manhajar GPL yake: bai jefar da haƙƙinsa ba, yana riƙe da shi ne don ya tsare wa jama'a amfanin.

Ba mu ce hubusi ne ta kowace fuska ba, kada ɗalibai su kama mu da wannan. Hubusi ba a sayar da shi, ita kuwa GPL ta yarda a karɓi kuɗi. Amma ku ɗauki misalin bawan Allah da ya gina rijiya a bakin hanya ya ce kowa ya sha, mai ga-ruwa ma ya ɗiba ya sayar da wahalarsa, sharaɗi ɗaya ne: duk wanda ya ƙara mata zurfi ko ya ɗaura mata baki, kada ya kewaye ta da danga. Sai wani ya zo ya ƙara gaba biyu, ya sa ƙofa da kwaɗo, ya rubuta sunansa. Duk garin ya san sunan wannan aiki. Bai zalunci mai rijiya kaɗai ba, ya zalunci duk matafiyin da zai zo bayansa da ƙishirwa.

Kuma wannan rijiya muna sha daga gare ta kullum ba mu sani ba. A 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux, a 1992 ya sa shi ƙarƙashin GPL. Dubban mutane daga ƙasashe daban-daban suka yi ta ƙara masa, kowa yana da tabbacin ba wanda zai kulle aikinsa. Yau duk wayar Android, Tecno ce ko Samsung, a kan Linux take tsaye. Wanda ya shiga saitin wayarsa, wajen bayanan doka, zai tarar da dogon jerin lasisai da sunayen mutanen da bai taɓa ji ba. Kamfanonin ba don ado suka sa su ba, cika sharaɗi ne.

Waɗanda suka ƙi cikawa kuwa, labarinsu sananne ne. A 2003 aka gano kamfanin Linksys, wanda Cisco ya saye a shekarar, ya sa Linux cikin wata na'urarsa ta raba intanet mai suna WRT54G bai fitar da asalin rubutun ba. Aka matsa masa har ya fitar, kuma daga abin da ya fitar ne aka gina OpenWrt a 2004, wanda har yau mutane ke amfani da shi a na'urori iri-iri. Ku duba alherin da danga ta so ta tare. A Faransa kuma wani ƙaramin kamfani mai suna Entr'ouvert ya rubuta manhajar Lasso, ya buɗe mata ƙofa biyu: mai son kyauta ya bi GPL, wanda ba ya son buɗe nasa rubutun ya biya kuɗi a ba shi wani lasisi dabam. Kamfanin Orange ya sa ta cikin aikin da ya yi wa gwamnatin Faransa, bai biya ba, bai kuma cika sharuɗɗan kyautar ba. Aka shiga kotu a 2011. Sai a watan Fabrairu na 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta yanke wa Orange diyyar Yuro 800,000, wato sama da miliyan 520 na sefa. Shekara 13 ƙaramin yana bin haƙƙinsa. Ba don tsoratarwa muka kawo wannan ba, domin da wuya wani ya taso daga Turai ya kai ƙarar yaro a Tawa. Amma rashin mai kama ka bai taɓa mai da haram halal ba.

Ba kowane lasisin kyauta ne ke neman a buɗe rubutu ba. Akwai masu sauƙi, irin su MIT da BSD, waɗanda ba su cika shafi ɗaya ba. Sun yarda ka kulle, ka sayar, ka yi yadda ka so. Babban abin da suke nema shi ne ka bar sunan mai aikin da takardar izinin a wurinsu. Abin mamaki, wannan ɗan sharaɗi shi aka fi karyawa, kuma shi ne saurayinmu ke sharewa. Mu da muka gaji isnadi bai kamata a koya mana wannan ba. Abdullahi ɗan Mubarak ya ƙidaya isnadi cikin addini. Malamanmu ba sa karantar da littafi sai sun faɗi wanda suka karanta a wurinsa, kuma ijaza da ake ba ɗalibi ita ma izini ce mai sharaɗi. Share sunan mai aiki ya haɗa laifi biyu: tauye haƙƙinsa, da yaudarar mai saye, wanda ya biya yana zaton duka aikin naka ne. Hadisi ya kamanta mai tinƙaho da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafin ƙarya.

Ga wani misali da ya shafe mu kai tsaye. Da yawan manhajojin Alƙur'ani da ke cikin wayoyi sun ɗauko rubutunsu ne daga wani aiki mai suna Tanzil, wanda aka fara a 2007, inda aka tace rubutun aka gwada shi da Mus'hafin Madina. Ruwayar Hafsu ce, ba Warshu da muka tashi da ita a makarantun allo ba. Masu aikin sun bayar kyauta da sharuɗɗa: kada a canja komai, a ambaci inda aka ɗauko, a sa hanyar komawa gare su don mai karatu ya san in an yi gyara. Wani zai ce Alƙur'ani maganar Allah ce, wa ya isa ya sa mata sharaɗi? Ba su yi da'awar mallakar Alƙur'ani ba. Sharaɗin a kan kwafinsu ne, kuma don tsare Littafin aka sa shi, domin wasali ɗaya in ya ɓace a kwafi ɗaya, sai ya bazu a wayoyi dubu ba wanda ya san inda ɓarnar ta faro. Wanda ya cire sunan Tanzil daga manhajarsa ya yanke isnadin mus'hafin da ya sa a hannun mutane.

Adalci ya sa mu faɗi na ɗaya gefen. Wasu manyan kamfanoni suna rubuta lasisi shafi bayan shafi, da harshen lauyoyi, cikin yaren da mai saye ba ya ji, suna sane ba mai karantawa. Wannan ba kyakkyawar mu'amala ba ce, kuma ba mu yaba ta ba. Hadisin da ya ɗaure Musulmi da sharuɗɗansu shi ne kuma ya togace sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal; irin wannan ba ya ɗaure kowa. Haka nan mun san farashin Windows da Microsoft Office ya yi wa mai ƙaramin shagon buga takardu nauyi, mun kuma san yawancin abin da ake ɗora wa kwamfutoci a kasuwanninmu fasasshen kwafi ne. Amma lalura tana tabbata ne inda babu mafita, ga shi kuwa akwai Ubuntu tun 2004, akwai LibreOffice tun 2010, suna rubutu suna lissafi, ba a biyan ko dala, kuma halal ne tsantsa. In sharaɗin mai kaya bai yi maka ba, ka bar masa kayansa. Balle fasasshen kwafi sau da yawa yakan zo da cutar da ke lalata na'ura ko ta kwashe sirrin mai ita. Mai rubuta manhaja kuwa ya fi kowa rashin uzuri, domin ya iya karanta takardar, kuma gobe shi ne zai zo yana kuka an kwafi aikinsa an sayar a Kasuwar Dole.

Abin da muka ce wa saurayin shi ne: kafin ya ɗauki kowane yanki, ya buɗe takardar lasisinsa ya karanta, ya riƙe littafi yana rubuta sunan yankin da irin lasisinsa, kamar yadda ɗan kasuwa ke rubuta bashi. In MIT ne ko BSD, ya bar sunaye da takardar a cikin aikin. In GPL ne, ya gaya wa mai saye tun kafin a yi ciniki, ya kuma ba shi asalin rubutun. Wannan bai hana shi kuɗin aikinsa ba. In bai yarda ya buɗe nasa ba, ya nemi wani yankin mai sauƙin sharaɗi, ko ya rubuta wa mai shi ya nemi izini na musamman, ko ya zauna ya rubuta nasa. Wanda ya tarar ba lasisi ko kaɗan, kada ya ɗauka sakakke ne. Shiru a nan ba izini ba ne, sai ya tambaya.

Sai ya ce: "To Malam, waɗanda na riga na sayar fa?" Muka ce tuba daga haƙƙin bayi ba ta cika sai an mayar da haƙƙin, kuma nasa mai sauƙin mayarwa ne. Ya bi masu sayen ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da sunayen da ya share, ya miƙa asalin rubutun ga wanda sharaɗi ya ba shi, ya cire yankin da ba zai iya cika sharaɗinsa ba. Masu lasisin ma sun bar wannan ƙofa a buɗe: a fasalin GPL na 2007, wanda ya saɓa a karon farko, aka sanar da shi, ya gyara cikin kwana 30, izininsa yana dawo masa kamar da. Ya ƙirga a yatsunsa ya ce mutum bakwai ne, biyu daga cikinsu makarantu ne, zai fara da su.

Allah ne Mafi sani.